Jirgin Ruwa Mai Maɓallai

Ba zan taɓa mantawa da damunar shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai ba. Mutane suna tuna ta ne saboda a cikinta Allah Ya dube mu da idon rahama, ruwa ya dawo bayan farin da ya cinye mana dabbobi. Ni kuwa ina tuna ta saboda a cikinta na ƙera jirgin ruwa, ni da ban taɓa ganin jirgin ruwa ba sai wanda aka zana a jikin gwangwanin kifi.

Bari in fara gaya maka ko ni wane ne a lokacin. Na yi karatun allo har na sauke, hannuna ya faɗa da rubutun ajami, shi ya sa ake ce mini Malam tun gemu bai fito ba. Daga baya na tafi Kano cin rani, na faɗa hannun wani dattijo mai ɗinkin katifa da kujerun mota, na koyi yankan soso. Da na dawo sai na kafa rumfa a kasuwar Magariya, direbobin kamyo, manyan motocin kaya, suna kawo mini kujerunsu da suka zauna, ina mayar musu da su sababbi. In damuna ta faɗi sai in rufe rumfa in koma ƙauyenmu, can tsakanin Dungas da Dogo-Dogo, in kama noma.

Ba yabon kai ba, yankan soso na iya shi. Soso ba ya son gaggawa, kuma ba ya son a danne shi. In ka danne shi ka yanka, da ka ɗaga hannu sai bakin ya fito kamar ɓera ya kwana yana ci. Ni zare nake jiƙawa da tawada, in miƙe shi a kai, in ɗaga in sake, ya bar mini layi sambal. Wuƙata doguwa ce, daga tsohon zarto maƙeri ya fitar mini da ita. In wasa ta har ta aske gashin hannu, in shafa mata ruwan sabulu, in ja ta ja ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, ba komawa baya. Inda ake son lanƙwasa kuma, sai in ɗaure siririyar waya a jikin itace kamar baka, in gasa ta a garwashi, in bi layi da ita tana ratsa soso kamar zare a jikin sabulu. (Warin kuwa, kada Allah Ya sa ka shaƙa.) A ƙarshe in bi da dutsen goge kaushi in shafe gefen ya yi sumul. Duk wanda ya ga aikina sai ya kai hannu ya shafa. Wannan shafawar ce ta kumbura mini kai.

To, ina da taubashiya, Ramatu, ɗiyar Gwaggo ƙanwar mahaifina. Ta girme ni kaɗan, tana da aure da 'ya'ya, tana sana'ar daddawa. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu lafiya ba: ita ta ce ni bawanta ne, ni in ce ita ce baiwata, har yau ba a yanke wannan shari'a ba. Gwaggo kuwa ciwon baya ya matsa mata, tabarma ta gagare ta kwanciya. Ramatu tana da akuya guda tilo da ta tsira daga fari. Ta sayar da ita, ta damƙa mini kuɗin, ta ce in sayo soso mai kauri in ɗinka wa uwarta katifa. Na aika Kano aka kawo shi, na biya duwan, wato kuɗin kwastan a kan iyaka, na ɗora shi a kan jaki na kai gida. Soso ne na gaske, faɗin kwanciyar mutum biyu, kaurinsa ya fi taƙi. Na jingine shi a zaure, na ce da na gama noman farko zan zauna a kansa.

Sai ruwa ya zo. Fadamar da ke tsakaninmu da hanyar Dungas, wadda muka saba ratsawa da ƙafa, ta cika ta tumbatsa. Ranar kasuwa kowa sai ya bi ta hannun Baba Nomau, wani tsoho mai fito da ƙaton masaki. Ka zuba kayanka a ciki, ka kama bakin masakin, ya tura ku tare, ka fita can a jiƙe har wuya. Shi kansa Baban ya gaji, kullum cewa yake sanyi ya shige masa ƙashi.

Wata rana ina zaune a zaure bayan La'asar, ina kallon soson Gwaggo, sai na tuna wani direba ya taɓa ba ni labari cewa a wajen tafkin Chadi ya ga jirgin da aka cusa wa soso a ciki don kada ya nutse. Ban tambaye shi wane irin soso ba. Na dai san nawa yana shan ruwa, ai ko yaro ya san wannan. Amma ina da ledar kujerar mota mai kauri, ina da sholisho irin na masu facin taya. In na naɗe shi ciki na liƙe ko'ina, ta ina ruwa zai shiga? Na lissafa a raina: kowa ya hau ya ba da dala guda, kafin kaka na sayo wa Gwaggo soso biyu, ga lada kuma na taimakon jama'a. (Ka lura da yadda na sako lada a ciki. Haka zuciya take yi in tana son ta yaudari malami.)

Washegari na yi bismillah na buga zare.

Wallahi ban taɓa yin yanka mai kyawun wannan ba, kuma ban sake yi ba. Na fitar da hanci a gaba mai tsini, na lanƙwasa baya, na rarake tsakiya kaɗan inda mutum zai zauna. Kowane gefe na rubuta masa sunansa da alƙalami cikin ajami, gaba, baya, dama, hagu, don kada in rikice. Guntayen da suka faɗo kuwa, sai na shiga kyauta da su kamar wani attajiri. Mata suka kwashi na wanke-wanke. Wanzami ya ɗauki ɗaya. Wani mai jaki ya ɗauki dogo ya sa a ƙarƙashin akumari. Kusurwa mafi girma na kai wa Liman da hannuna, saboda na san yana fama da gwiwa wajen sujada.

Ina tsaka da goge hancin jirgi da dutse sai ga Ramatu ta yi sallama.

"Kai bawana, ina katifar Inna?"

Na ce, "Ga ta nan gabanki."

Ta dubi abin, ta zagaya shi, ta dawo ta tsaya. "Wannan mai hancin?"

"Ramatu, zauna in yi miki bayani."

"Ba na zama. Akuyata ka yi wa hanci? Akuyar da na hana kaina dussa na ba ta?"

Na yi bayani iyakar iyawata, na kawo tafkin Chadi, na kawo lada, na kawo soso biyu kafin kaka. Tana saurare tana gyaɗa kai kamar mai jin labarin mahaukaci. Da na gama sai ta ce, "Na ji. Ranar da za ka sa shi a ruwa, ni ce zan fara hawa. Inda katifar uwata ta tafi, can ni ma za ni. In ta nutse, in gani da idona, kada ka zo ka ce mini aljanu ne."

Gwaggo da labari ya kai mata, ba ta yi faɗa ba. Ita ba ta kama sunana, don sunan mahaifinta ne gare ni, sai dai ta ce Babana. Cewa ta yi, "Ku ƙyale Babana, ya je Kano, ya san abin da yake yi." Wannan magana ta fi zagin Ramatu nauyi a kaina, amma a lokacin daɗi na ji.

Na naɗe jirgi da leda shuɗiya, na bi kowace gaɓa da sholisho har sau biyu, na ɗaure masa katako biyu a ƙasa don kada ya lanƙwashe. Da a nan na tsaya, wataƙila da yau wani labarin nake ba ka. Amma da na ja da baya na dube shi, sai na ga ledar ta yi tozo a tsakiya, ba ta kwanta ba. Abin ya tsaya mini a rai. Maigidana na Kano, in katifa ta fita daga shagonsa ba maɓallai, bayan hannu yake buga maka, ya ce aikin da ba a gama ba ne. Hannuna ya riga ya saba. Ban ma yi dogon tunani ba, na ɗauko basilla doguwa da zare mai ƙarfi da jajayen maɓallai, na shiga soka su daga sama har ƙasa, layi-layi, ina ja ina ɗaurewa. Leda ta kwanta luf. Jirgi ya yi kyau kamar gadon amarya. Zuciyata ta ɗan ce mini, Malam, ramukan fa? Na ce mata ai zare ya toshe su.

Ranar kasuwar Dungas, da hantsi, duk ƙauye ya taru a bakin fadama. Can tsallake ma mutanen wasu ƙauyuka sun tsaya, har da wani mushen lakwal, malamin makarantar boko, da kekensa da jandarma guda da ya zo wucewa. Na sa babbar rigata ta Salla da hula, don ban ga dalilin da mai jirgi zai jiƙe ba. Liman ya yi addu'a aka shafa. Baba Nomau ya zagaya jirgin ya latsa wani maɓalli da yatsa.

"Malam, waɗannan jajayen fa, aikin me suke yi?"

Na ce, "Ado ne, Baba, kuma suna riƙe leda."

Ya ce, "To madalla. Ni dai in ya yi, na huta. Amma bari in biyo ku a baya da masakina, ƙafata ta saba."

Na ji haushin wannan, na dai ƙyale shi saboda girmansa.

Aka tura jirgi ruwa, ya tsaya cak a sama kamar agwagwa. Mata suka rangaɗa guɗa. Ramatu ta hau ta zauna a tsakiya, kwandon daddawa a cinyarta, fuskar nan a ɗaure. Na hau baya na tsaya da doguwar gora, na kafa ta a ƙasa na tura. Muka tafi! Wallahi muka tafi. Na ji wani abu ya cika mini ƙirji, har na fara tunanin sunan da za a riƙa kirana da shi a Magariya.

Ba mu yi nisa ba Ramatu ta ce, "Kai, jirginka numfashi yake yi."

Na kasa kunne. Gaskiyarta. Duk lokacin da na taka da ƙarfi don in tura gora, sai in ji fiii daga wajen maɓallai, kumfa na tasowa ta gefe. In na ɗaga ƙafa kuma sai in ji wani zuuu a ƙasa, kamar saniya ta kafa kai a kwatarniya.

Na ce, "Iska ce yake fitarwa. Alamar lafiya ce."

"Alamar lafiya ce ta jiƙa mini zane?"

"Ki daina motsi mana."

"Ni ke motsi ko kai da ke rawa a bayana kamar ɗan kama?"

A tsakiyar fadama akwai wani kwari inda gorata ba ta taɓa ƙasa ba. Nan na fara addu'a a ɓoye. Jirgin da ɗazu yake tafiya da tura ɗaya, yanzu ya yi nauyi kamar ina jan rumbu. Kowane jan maɓalli ya zama ɗan ƙaramin marmaro. Na shiga tuƙi da gora hagu da dama, ina ƙara takawa, shi kuma yana ƙara sha. Ramatu ta ɗauke kwando daga cinya ta ɗora a ka. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Da ikon Allah muka wuce kwarin, gaɓar tsallake ta matso har ina ganin haƙoran mutane. Ruwa ya rufe leda, ya rufe idon sawuna, ya kama gefen rigata. Sai bayan jirgi, inda nake tsaye, ya yi ƙasa a hankali, cikin ladabi, kamar raƙumi zai durƙusa. Na zame na faɗa.

Ka tuna ni mutumin tudu ne, ruwan da na sani shi ne na buta. Da na ji shi a kunnena sai na tabbata kwanana ya ƙare. Na rungume hancin jirgi da hannu biyu, na runtse ido, na ɗaga murya iyakar ƙarfina: "La'ilaha illallahu! Jama'a ku yafe mini! Gwaggo ki yafe mini katifarki! Wuƙata a ba ƙanena!" Ina harba ƙafafu, babbar riga ta buɗe a kan ruwa kamar laima, hula ta kama hanyarta.

Sai na ji an taɓa kafaɗata. Muryar Baba Nomau ce, a natse.

"Malam. Malam. Miƙe tsaye."

Na buɗe ido ɗaya. Ramatu na tsaye a gabana, ruwa iya ƙugunta, kwandon daddawa a kanta ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na sauke ƙafa. Ƙasa na nan. Na miƙe, ruwa bai kai mini cibiya ba.

Dariyar da aka yi a gaɓa biyu, ina jin har Dogo-Dogo an ji ta. Mushen lakwal ya saki kekensa ya faɗi. Jandarma ya juya baya yana riƙe da ciki. Ramatu ta jira har aka ɗan lafa, don kowa ya ji, sannan ta ce, "Wuƙar ma ba ƙanenka za a ba ba, ni ce zan gaje ta, ai dukiyar bawa ta uwargijiyarsa ce. Fito mu tafi, Sarkin Jirgi, kasuwa na ci."

Sunan nan ya bi ni har Magariya. Akwai direbobin da har suka tsufa ba su san ina da wani suna ba.

Jirgi kuwa, ƙarti suka taru suka kasa ɗaga shi, sai da aka farke leda, mata suka hau suna tattakawa kamar masu kwaɓa ƙasar gini, ruwa na fita baƙi da 'yan kwaɗi a ciki. Na shanya shi a kan rufin zaure, ina juya shi safe da yamma, in hadari ya taso in ruga in sauke. Ba ni da abin sayen wani soso, Gwaggo kuma tana nan a kan tabarma. Duk lokacin da na je gaishe ta sai ta ce, "Babana, ai ka yi ƙoƙari, an ce har tsakiya kun wuce." In fita ina jin kamar in nutse da gaske.

Da ya bushe sai na ga hanya ɗaya ce ta rage: in mayar da abin da na yanke. Haka na bi gida-gida ina sallama, ina roƙon kyautar da na yi da fahariya. Wata ta miƙo mini nata da sauran miyar kuka a jiki. Wanzami ya ce sai na ba da labarin wasiyyata tukuna, na bayar. Mai jaki ya zare nasa daga ƙarƙashin akumari, warinsa kaɗai ya isa hukunci. Na wanke su, na shanya, na zauna da sholisho. A nan ne kyan yanka ya yi mini rana, domin kowane guntu ya koma mazauninsa daram, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba.

Sai kusurwar Liman. Na je gidansa da niyyar tambaya, kafin in buɗe baki ya kama hannuna ya ce, "Malam, Allah Ya yi maka albarka, tun da ka kawo mini abin nan gwiwata ta daina hana ni tsawaita sujada." Na ce amin, na tashi. Na sake komawa, ya sake sa mini albarka, har da ta 'ya'yan da ban haifa ba. Ban ƙara komawa ba. Na cusa audugar rimi a gurbin, na ɗinke katifa da atamfa mai kyau na kai wa Gwaggo. Ta kwanta ta ce bayanta ya gode.

Ramatu ta bi kusurwoyi tana latsawa, ta zo kan ta rimi ta tsaya. "Akuyata ƙafa huɗu gare ta. Wannan uku na gani. Ina bin ka kusurwa."

Ta bi ni ita kuwa. A wajen suna, a wajen biki, a tsakiyar kasuwa, ko gaisuwa ba ta gamawa sai ta ce, "Sarkin Jirgi, ina kusurwata?" Ni kuma abin da na koya, na koye shi da kyau: hannun da ya ƙware yakan yi abin da ya saba ko ba a nan ake bukatarsa ba, kuma ruwa bai san ado ba. Tun daga ranar, in zan yi aikin da ban taɓa yi ba, nakan tambayi wanda ya daɗe a cikinsa, ko da masaki ne kayan aikinsa. In kuma zan yi kalmar shahada da ƙarfi, nakan fara taɓa ƙasa da ƙafa.

Sai da kaka ta yi kyau shekaru kaɗan bayan haka, rumfata ta zama shago, sannan na sayo soso sabo fil, na ɗinka katifa ba faci ko ɗaya, na ɗora a amalanke na kai ƙauye. Gwaggo ta shafa ta, ta yi addu'a, ta ce ita ba ta sauya tata, tsohuwar ta riga ta san bayanta. Ramatu ta ce to ai dama ba Inna ke bin bashi ba. Ta aika aka kira Baba Nomau ya zama shaida, ta sa aka shimfiɗa katifar a tsakar gida, ta bi ta kusurwa-kusurwa tana taka kowace da dunduniya. Da ta gama ta zauna a tsakiya, ta yi ɗan tsalle a zaune, ta kasa kunne.

"Ba ta numfashi," in ji ta. "Baba, ka shaida, bawana ya biya."